Ƙarfafa Mahaɗun Kwali Mai Kunyoyi: Bayani a kan Gam, Ɗinkin Waya da Kari

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan wuraren da ake haɗa sassan kwalin ɗaukar kaya, da dalilan da ke sa su buɗe, da kuma hanyoyin ƙarfafa su. Ta nuna cewa ƙarfin mahaɗa bai rataya a kan yawan gam ba. Ya rataya ne a kan ingancin fuskar takardar da gam ya kama, da irin jan da mahaɗar take fuskanta, da kuma yanayin da kwalin zai ratsa kafin ya isa hannun mai shi. An bi mahaɗun daga wadda ke ɓoye a cikin jikin kwali, zuwa wadda masana'anta ke yi, zuwa wadda mai kaya ke yi da hannunsa, sannan aka dubi abin da laimar kudu da bushewar arewacin Nijeriya ke yi musu.

1.0 Gabatarwa

Wanda ya tsaya a kasuwar Singa ta Kano lokacin da ake sauke kaya daga tirela zai lura cewa kwalin da ya lalace ba safai yake hujewa a tsakiyar bangonsa ba. Galibi gindinsa ne ke buɗewa a daidai lokacin da ɗan dako ya ɗaga shi, ko kuma kusurwa guda ta rabe tun daga sama har ƙasa, kaya su zube. Takardar tana nan da ƙarfinta, wurin haɗin ne ya saki. Asarar kuwa takan faɗa kan ɗan kasuwa, laifin kuma a ɗora wa ɗan dako, alhali matsalar ta samo asali tun ranar da aka liƙa kwalin.

Kafin shiga bayani, akwai buƙatar daidaita kalmomi, domin Hausa tana kiran allon takardar da akwatin da aka yi da shi duka da suna ɗaya, wato kwali. A nan, idan an ce "allo" ana nufin shimfiɗaɗɗen kwali tun ba a naɗe shi ba. Allon yana da "fata" biyu, ta waje da ta ciki, a tsakaninsu kuma akwai takardar da aka lanƙwasa ta hau ta sauka kamar kunyoyin gona, don haka aka kira shi kwali mai kunyoyi. Wurin haɗi an kira shi "mahaɗa". An kauce wa kalmar "mahaɗi" saboda masana nahawu da masu girki sun riga sun raba ta a tsakaninsu, haka ma "gaɓa" da masana tsarin sauti suka riƙe. Layin da ake dannewa domin allo ya naɗu shi ne "kari", kamar karin guga a jikin riga. Ɗan siririn ɓangaren da ake bari domin a shafa masa gam shi ne "leɓe", sassa huɗun da ke rufe baki ko gindi kuma "kunnuwa".

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1856 aka yi wa takarda mai kunyoyi rajistar mallaka a Ingila, amma amfaninta a lokacin shi ne yi wa dogayen huluna shafi domin su tsaya. A 1871 Albert Jones na birnin New York ya yi rajistar amfani da ita wajen naɗe kwalabe da gilasan fitila, a 1874 kuma Oliver Long ya liƙa mata fata domin kada kunyoyin su miƙe. Robert Gair, mai sana'ar ɗab'i a New York, shi ya gano cewa ana iya yanka allo a kuma yi masa kari a bugu ɗaya, abin da ya sa aka fara sayar da akwati a shimfiɗe, mai saye ya naɗe shi da kansa. Kamfanonin jiragen ƙasa na Amurka sun daɗe suna fifita akwatin katako, har sai da hukuncin da aka fi sani da shari'ar Pridham ya hana su nuna wa kwali bambanci a 1914. Sharaɗin da ya biyo baya shi ne kwalin ya cika wasu ƙa'idoji, kuma daga cikin abubuwan da ƙa'idojin suka fayyace har da yadda za a yi mahaɗa.

3.0 Mahaɗar da Ido Ba Ya Gani

Mahaɗa ta farko tana cikin jikin allon. Kowane ƙoƙon kunya an liƙa shi da fata, sama da ƙasa. A nau'in kunya da ake kira C, wanda aka fi yin kwalin jigila da shi, akwai kunyoyi kimanin 128 a tsawon mita ɗaya, kaurin allon kuma kusan milimita 4. Ke nan a kowace mita akwai layukan gam sama da 250. Nau'in B ya fi shi ƙananan kunyoyi, kimanin 154 a mita, da kaurin kusan milimita 3, nau'in E kuwa kunyoyinsa sun kusa 300.

Gam ɗin da ake wannan aiki da shi sitaci ne na masara, ko alkama, ko rogo. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda kamfanin Stein Hall na Amurka ya fito da ita a shekarun 1930. Ana dafa ɗan kaɗan daga sitacin da sodar yin sabulu ya yi kauri, sai a zuba sauran ɗanyen sitacin a ciki tare da boraks. Ɗanyen yana nan a ruwa-ruwa har sai ya taɓa zazzafar takarda a kan inji. Da zafi ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, sai ya kumbura nan take ya kama, kamar yadda ƙullun koko ke kamawa idan aka sheƙa masa tafasasshen ruwa. Idan zafin bai kai ba, sitacin zai bushe fari bai kama ba, idan kuma ya yi yawa, ruwan zai ƙafe kafin sitacin ya shiga takarda. A duka halayen biyu fatar takan ɗaye daga kunyoyi da ɗan ja kaɗan.

Abin da ya sa wannan ya shafi sauran bayanin shi ne, duk gam ko salatif da za a sa daga baya fatar waje kawai yake kamawa. Idan fatar ba ta riƙe kunyoyinta ba, mahaɗar da aka gina a kanta za ta tashi tare da fatar, ko da gam ɗin bai saki ba.

4.0 Mahaɗar Masana'anta

Kwalin da aka fi sani, wanda ƙungiyar masu yin kwali ta Turai, FEFCO, ta ba lamba 0201, ana yin sa ne daga allo guda. Ana yi masa kari a tsaye domin ya ba da bango huɗu, a tsaga tsakanin kunnuwa, sannan a haɗa bakin farko da na ƙarshe. Uku daga kusurwoyinsa naɗi ne, takardar ba ta yanke ba. Ta huɗun ita ce mahaɗar masana'anta, kuma ita kaɗai ce wurin da aka dogara da wani abu daban domin riƙe bango da bango.

4.1 Matsayin Mahaɗa a Ƙarfin Kwali

A shekarar 1963 McKee da abokan aikinsa a Cibiyar Nazarin Sinadaran Takarda, wadda a lokacin take Appleton, a jihar Wisconsin ta Amurka, suka fitar da lissafin da har yau ake ƙiyasta ƙarfin kwali da shi. A taƙaitacciyar sigarsa, nauyin da kwali zai ɗauka kafin ya durƙushe daidai yake da 5.87 sau ƙarfin allon idan an danne shi ta gefe, sau tushen murabba'in abin da aka samu idan aka ninka kaurin allo da tsawon kewayen kwalin. Abin lura a nan shi ne babu mahaɗa a cikin lissafin ko kaɗan. An ɗauka ne cewa bangaye huɗun suna riƙe da juna kamar bututu guda.

Bangon kwali siriri ne, idan nauyi ya hau shi tsakiyarsa takan bankare ta yi ciki ko waje, sai nauyin ya koma kusurwoyi inda bango biyu ke tokare juna. Masu sana'ar sukan ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na nauyin a kusurwoyi yake sauka. Da zarar mahaɗa ta buɗe, ginshiƙi ɗaya cikin huɗu ya tafi, bangaye biyun da ke jingine da shi kuma sun rasa matokari. Lissafin McKee ba ya aiki a kan irin wannan kwali, domin sharaɗinsa na farko ya rushe.

4.2 Zamewa da Ɗayewa

Idan aka liƙa tsinken allo biyu, ɗaya a kan ɗaya, aka ja su ta tsawo, kowane ya nufi nasa ɓangare, da wuya a raba su da hannu. Idan kuwa aka sa farce aka ɗaga bakin ɗaya aka ja shi sama, ƙaramin yaro ma zai raba su. A ja na farko, wanda aka kira zamewa, duk faɗin wurin da gam ya kama yana raba nauyin. A na biyu, wato ɗayewa, nauyin gaba ɗaya yana taruwa a kan siririn layi guda, layin ya saki, na bayansa ya karɓa, shi ma ya saki. Takarda kuwa zaruruwanta a kwance suke, hawa-hawa, don haka tana da ƙarfi ta tsawo, tana da rauni ta kauri. Kusan duk dabarar ƙarfafa mahaɗa tana komawa ga mayar da ɗayewa ta zama zamewa, ko kuma hana ɗayewa samun bakin da za ta fara.

Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗora leɓe a kan bango maimakon a haɗa baki da baki. Ƙa'idojin jigila na Amurka, wato Doka ta 41 ta jiragen ƙasa da Sashe na 222 na manyan motoci, sun shar'anta kada faɗin leɓen ya gaza inci ɗaya da kwata, kimanin milimita 32. Ana iya zaton ninka faɗin zai ninka ƙarfin, amma ba haka abin yake ba. Tun 1938 Bajamushe Volkersen ya nuna cewa a mahaɗar da aka ɗora abu a kan abu, jan yana taruwa ne a bakunan biyu, tsakiyar kuma ba ta ɗaukar wani abin kirki. Bayan wani iyaka, ƙara faɗi ƙarin takarda ne kawai. Abin da ya fi amfani shi ne gam ya kai bakin leɓe, musamman ƙarshensa na sama da na ƙasa, domin daga nan yagewa ke farawa. Wasu masana'antu sukan tsawaita leɓen ya zarce kari ya shiga cikin kunne, ta yadda idan an naɗe kunnen, bakin mahaɗar ya shige ƙarƙashin naɗi, babu inda za a ɗaga shi.

4.3 Gam

Farin gam, irin wanda kafintoci ke amfani da shi, shi ne aka fi yin mahaɗar masana'anta da shi. Ƙwayoyin roba ne a cikin ruwa. Takarda tana shanye ruwan, ƙwayoyin su bi shi cikin zaruruwa, su dunƙule su zama fata guda da ta saƙu da ɓangarorin biyu. Daga wannan bayani ake gane kuskuren da ya fi yawa, wato lafta gam. Gam mai kauri yana jiƙa fatar allo ya raunana ta, yana jinkirin bushewa, yana kuma barin leɓe ya zame kafin ya kama, sai kwalin ya fito a karkace, sama da faɗi ƙasa a tsuke. Shafi siriri wanda ya game ko'ina, aka kuma danne shi har ya kama, ya fi shi nesa ba kusa ba. Danniyar ma tana da iyaka. Idan ta yi yawa har ta murƙushe kunyoyin bangon da ke kusa da kusurwa, an raunana ginshiƙin da ake son ƙarfafawa.

Gam ɗin narkawa, wanda inji ke zubawa da zafin da ya kai digiri 160 zuwa 180, yana kamawa cikin daƙiƙoƙi, shi ya sa kamfanonin cika kaya suke son sa wajen rufe kunnuwa. Sai dai zafin da ya narkar da shi da farko yana iya tausasa shi daga baya. Haka kuma idan aka yi jinkirin haɗa ɓangarorin, yakan daskare a fuska bai shiga takarda ba, a ga dunƙulen gam mai sheƙi a gefe guda, ɗaya gefen kuma fes.

Kowane irin gam ne, yana buƙatar takarda tsirara. Fuskar da aka shafa wa kakin zuma, ko man sheƙi, ko tawada mai kauri, ba ta shan ruwa, don haka masu ɗab'i sukan bar gurbin leɓe ba tare da tawada ba. Wannan ne kuma ya sa kwalayen da aka yi wa shafin hana ruwa, irin na daskararren kifi, ake yawan ɗaure su da igiyar roba maimakon a dogara da liƙi.

Gwajin da ya fi sauƙi, wanda masana'antu ma suke yi, shi ne a bari mahaɗa ta bushe sannan a yage ta. Idan ta rabu a kan layin gam, fuskokin biyu suka fito sumul, liƙin bai yi ba. Idan kuwa takardar ce ta yage, zaruruwanta suka maƙale a jikin gam daga farkon leɓe har ƙarshensa, to gam ɗin ya fi takardar ƙarfi, kuma babu wani gam mai tsada da zai ƙara komai a kan haka. Mai son ƙarin ƙarfi daga nan sai ya sauya takarda. Fatar kiraf, wadda ake yi da sabon ɓargon itace mai dogayen zaruruwa, ta fi wadda aka sake sarrafawa daga tsohon kwali juriya, domin duk sake sarrafawa yana gajarta zaren. Sunan kiraf kansa daga kalmar Jamusanci mai nufin ƙarfi ya fito. A ɗakin gwaji, ana auna wannan mahaɗa ta hanyar ja bisa ƙa'idar TAPPI T 813.

4.4 Ɗinkin Waya

Kwali mai bango biyu ko uku, wanda ake zuba kayan ƙarfe ko injina, sau da yawa ɗinke shi ake yi da waya mai faɗi. Wayar tana ratsa dukkan hawa-hawan allon ta lanƙwashe a baya, ke nan ba ta dogara da fatar waje kaɗai ba, ruwa da zafi kuma ba su dame ta ba. Ƙa'idojin Amurka da aka ambata sun ce kada tazarar ɗinki da ɗinki ta wuce inci biyu da rabi, kimanin santimita 6, kuma a matse ta fiye da haka idan kayan sun yi nauyi sosai. Ana karkata kowane ɗinki domin ya haye kunyoyi da yawa, kada ya faɗa cikin kwari guda ya tsaga shi, a kuma ninka ɗinkin farko da na ƙarshe.

Aibin waya shi ne tana tara ja a ƙananan wurare, kamar maɓallan riga, alhali gam yana watsa shi kamar ɗinkin tela. Tana yin tsatsa, tana iya karce kaya ko ta faɗa cikin abinci. A gwajin ja, liƙin da aka yi da kyau yakan fi ɗinki ƙarfi muddin kwalin a bushe yake. Saboda haka, a manyan kwalaye akan haɗa biyun, gam ya ɗauki nauyin yau da kullum, waya ta hana yagewa tafiya idan ta fara.

5.0 Kari

Kari mahaɗa ce da ba ta buƙatar gam, kuma ita ce mafi ƙarfi idan an yi ta daidai, domin fatun biyu suna zagaya kusurwa ba su yanke ba. Ana yin ta ne da abu mai dakusasshen baki wanda zai murƙushe kunyoyi a kan layi guda ba tare da ya huda fata ba. Wanda ya sa reza ya tsaga fatar waje domin allo ya naɗu da sauƙi ya bar wa kusurwar fata guda, ya zubar da rabin ƙarfinta da hannunsa. Daga nan ake gane hikimar tirorin da FEFCO ta jera a rukunin 0400, waɗanda ake naɗe bangonsu ya ninku, a cusa harshensa a cikin tsaga. Babu gam, babu waya, nauyin kayan da ke ciki ma yana taimakawa wajen kulle su.

6.0 Rufe Baki da Gindi

Mahaɗa ta ƙarshe ba a masana'anta ake yin ta ba, mai kaya ne ke yi, kuma a nan aka fi yin sakaci. Al'adar sarƙe kunnuwa huɗu, kowane a ƙarƙashin na kusa da shi, tana da sauri, amma tana karya kunnuwan tun kafin a ɗora kaya, tana kuma barin rami a tsakiya. Ta dace da rufe baki na ɗan lokaci. A gindi kuwa ba ta da amfani.

Salatif mai faɗin milimita 48 yana aiki ne idan an ba shi damar fuskantar zamewa. Ɓangaren da ke kwance a kan tsagar kunnuwa ba shi ne ke riƙe gindi ba. Wanda ya gangara jikin bango ta kowane gefe shi ne ke riƙewa, don haka ake so ya gangara aƙalla santimita 5. Idan kayan na da nauyi, ana ƙara wani a kan bakunan gefe biyu, tsarin ya yi kama da harafin H, wanda ke toshe kusurwoyi ya kuma hana ƙura shiga. Gam ɗin salatif ba ya shiga takarda da kansa, sai an goga shi da ƙarfi. Zagaye kwali sau goma da salatif ɗin da ba a danne ba ɓarnar kuɗi ce, ko da yake tana kwantar wa mai kaya da hankali.

Akwai kuma salatif na takarda mai busasshen sitaci a bayansa, wanda ake jiƙawa kafin a liƙa. Sitacin yana narkewa ya shiga fatar kwali, ya zama jiki ɗaya da ita, ba ya ɗayewa sai da yaga. Wannan ya sa duk wanda ya buɗe kwalin a hanya ba zai iya ɓoyewa ba. Ana samun nau'in da aka saka wa zaren gilashi a ciki domin kaya masu nauyi. Inda gindi ne ke yawan ɓallewa, sauya fasalin kwalin ya fi ƙara salatif. A fasali mai lamba 0203 kunnuwan waje suna hawa juna gaba ɗaya, gindin ya zama hawa-hawa, babu tsaga a tsakiya.

7.0 Aikin Hannu

Masu sake amfani da tsofaffin kwalaye, waɗanda ke rage tsawonsu ko su haɗa sabo daga allunan da suka tsinta, suna fuskantar matsalolin masana'anta ba tare da injinta ba. Abu na farko shi ne kunyoyi su tsaya a tsaye a jikin bango, domin ta nan suke ɗaukar nauyi kamar ginshiƙai. Idan suka kwanta, bangon zai naɗe da kansa a kan kowace kunya.

Leɓe mai cikakken kauri yana hana kusurwa zama daidai, yana kuma barin tudu da wani kwali zai kama ya ɗaga. Ana iya murƙushe shi da guduma ko kwalba ya yi lebur, ko a ɓare masa fatar ciki da kunyoyi a bar fatar waje kaɗai, kamar yadda dukawa ke rage kaurin bakin fata kafin su ninka ta. Leɓe siriri yana lanƙwasa tare da bango, don haka ba ya saurin ɗayewa. Bayan an liƙa, ana ƙara tsinken allo da aka yi wa kari a tsakiya, a liƙa shi a cikin kusurwar daga sama har ƙasa. Wannan yana ƙarfafa mahaɗa da ginshiƙi a lokaci guda. Idan kuma za a cusa kwali cikin kwali domin a sami bango biyu, sai a juya na ciki yadda mahaɗarsa za ta faɗa a kusurwar da ke fuskantar ta na waje, kada rauni ya hau kan rauni. Magina sun san wannan, shi ya sa ba sa barin tsagar bulo ta sama ta dace da ta ƙasa.

Ƙullun sitacin rogo da aka dafa yana liƙa kwali sosai, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda da danginsa aka haɗa allon tun farko. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo, don haka samunsa ba wuya. Sai dai ruwansa ya fi na farin gam yawa, yana buƙatar a shafa shi siriri a kuma ɗora masa nauyi har ya bushe, in ba haka ba allon ya kanannaɗe. Yana kuma sakin jiki idan ya sha laima.

8.0 Daga Legas Zuwa Kano

Alƙaluman ƙarfin kwali da masana'antu ke bayarwa an auna su ne a ɗakin da zafinsa digiri 23 ne, laimar iskarsa kuma kashi 50 cikin 100, kamar yadda ƙa'idar ISO 187 ta tanada. Kwalin da aka cika a Legas da damina yana zaune ne a iskar da laimarta ta haura kashi 80. Takarda tana shan ruwa daga iska, zaruruwanta su yi laushi, kuma idan laima ta kai kashi 90 kwali yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa. Layukan sitacin da ke cikin allo su ma suna sassautawa, sai dai in an haɗa sitacin da sinadarin hana ruwa.

Bayan tafiyar kimanin kilomita 1,000 a kan hanya mai gargada, wadda ke jijjiga kowace mahaɗa dubban sau, kwalin yana isowa wani yanayi daban. Da hunturu laimar iska a Kano takan sauka ƙasa da kashi 20 da rana. Busasshen kwali ya fi ɗaukar nauyi, amma fatarsa takan yi gautsi, ta tsage a kan kari idan an naɗe ta da ƙarfi. Farin gam yana bushewa kafin a haɗa ɓangarorin idan mai aiki ya yi nawa, ƙurar da ke sauka a kan kwali kuma tana shiga tsakanin salatif da takarda, sai ya kama ƙura maimakon fata. Goge fuskar da busasshen tsumma kafin liƙi yana magance wannan. Da bazara, a watannin Maris da Afrilu, zafin inuwa yakan kai digiri 40, cikin kwantenar ƙarfe da ke tsaye a rana kuma ya zarce haka da nisa. A irin wannan zafi wasu nau'o'in gam ɗin narkawa da na salatif sukan yi laushi, kunnuwan da ke neman miƙewa su riƙa jan su a hankali har su buɗe ba wanda ya taɓa su. Kayan da za su yi irin wannan tafiya sun fi dacewa da farin gam, ko salatif na takarda, ko ɗinki.

Kumburin takarda da ƙanƙancewarta tsakanin laima da bushewa sun fi kowanne daga cikinsu shi kaɗai illa, domin kwalin da ke ɗauke da nauyi yana saurin durƙushewa idan laima tana hawa tana sauka. Jerin da ake yi a sito yana ƙara nasa. Idan an ɗora kwali a kan kwali, kusurwa a kan kusurwa, nauyi yana bin ginshiƙai har ƙasa. Idan an sarƙa su kamar jerin bulo, tulin ba ya saurin kifewa, amma kusurwar na sama tana sauka a tsakiyar bangon na ƙasa, inda ya fi rauni, kuma hakan yakan cinye kusan rabin ƙarfin kwalin. Masu sito da suka san wannan sukan jera layukan ƙasa kusurwa a kan kusurwa, su sarƙa biyu ko uku na sama kaɗai, su kuma ɗaga tulin daga daɓe da dandamalin katako domin kada gindin kwalin ƙasa ya sha danshin siminti.